Bawul Biyu a Ƙofar Guga

Ran Talata Malam Abashe ya turo shi,
babur mai dogayen ƙafafu kamar zalɓe,
wanda yake ratsa yashin Kaita da shi
ya kai wa shanun ruga allura.
Ya ce, "Da can in na murɗa, zabura yake.
Yanzu sai gurnani, kamar tsoho a kan tabarma,
ya sha mai ya ƙoshi, bai tashi ba."

Na sauke salansa, na kwance kai,
na zare silinda daga fistan,
na ɗora a cinya, na leƙa maƙogwaro.
Ga su nan, bawul biyu, tagwaye,
masu ɗagawa hayaƙi ya wuce in gudu ya yi gudu,
kunkunniya ta gina musu kabari,
baƙa ƙirin, ta daskare
kamar ƙanzon tukunyar da ba a jiƙa ba.

"Wane mai kake haɗa wa fetur?"
Ya dubi takalminsa.
Na kwalba ne, na bakin titi.
Araha ba ta ado, amma ban faɗa ba.

Gide ya ɗauko guduma. "Oga, bugu ɗaya."
Na riƙe masa wuyan hannu.
Ina ɗan shekara sha biyar a garejin Mati
na cusa sukundireba, na danna da ƙarfin ƙuruciya,
alminiyam ya ce ƙas.
Mati bai dake ni ba.
Ya ajiye fasasshiyar kusa da kwanona,
wata guda ina cin tuwo tana kallona,
har ya rasu bai sake zancen ba.

Sai gwangwani, sai kananzir har wuya.
Na nutsar da ita, na rufe da kwali.
Da safe Abashe ya zo da kularsa a kafaɗa,
ƙanƙara na narkewa a kan magani:
"Shanun Ardo Bakkale na tari."
Na ce na ji.
Kananzir ba shi da kunne,
ba a yi masa sauri ba.

Ran Laraba na tsame ta, na goge, na shanya,
na aro rishon Ilu mai shayi,
na gasa ta a hankali, ina juyawa,
har na tofa yawu ya ce cuu.
Alminiyam kan riga ƙarfe buɗewa,
a wannan ɗan tsakanin ake sata.
Guntun katako, ƙwas, ƙwas,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar majinyaci.
Na hagu ya motsa, kaurin gashi,
gaba, baya, kamar haƙorin yaro,
ya faɗo tafina da ɗumi.
Na dama ya yi kamar bai gani ba.

Na mayar da shi gwangwani ya ƙara kwana.
A gida Tabawa ta ce lomata warin fitila take.
Na kwanta ina jin sa a cikin kaina,
ɗan ƙarfen da bai kai babban yatsa ba.

Alhamis bayan la'asar, zafi na uku,
ina tsakar yi wa Gide faɗan sifana goma da ta ɓace,
hannuna na ta aikinsa ban lura ba,
sai ga shi a waje.
Ban ma ji lokacin ba.

Muka kankare su da burushi har suka ga rana,
kowa ya koma ɗakinsa, hagu hagu, dama dama.
Shuri biyu, ya tashi da shuɗin hayaƙi.
Abashe ya murɗa, ya ƙara murɗawa,
kukan ya sirance, ya haye sama,
awakin bakin ganuwa suka watse.

Bayan sati ya aiko da man shanu a kwalba.
Kwalbar na gane ta, irin ta bakin titi ce.
Na shinshina sau biyu kafin in kai gida.
Baƙin da ke ƙarƙashin farcena
har yau bai fita ba.